Lambar inji da lambar shasi: yadda ake mayar wa tsohon babur kayansa na asali

Kowane babur yana fitowa daga masana'anta da lamba a jikinsa, galibi biyu. Ɗaya tana kan shasi, yawanci a wuyan da kan babur ke juyawa a ciki. Ɗayar tana kan inji, ƙasa da silinda ko kusa da ƙafar giya. A Maraɗi ta farkon muka sani, don ita ce a rubuce cikin kartigiris da takardar duwan, ita ce kuma jandarma ke duƙawa ya duba in ya tsayar da kai a hanyar Ɗan Isa. Ta biyun baƙin mai da ƙura sun rufe ta, sai mutum ya yi shekaru yana hawa bai san tana nan ba. Amma a Ingila da Amurka da Jamus akwai masu ƙarar da shekaru suna bin sawun wannan lamba ta biyu. Burinsu su gano ainihin injin da aka ɗora wa wani shasi ranar da aka ƙera shi, su saye shi ko yana wata nahiya, su mayar da shi mazauninsa.

Ba sha'awa kaɗai ba ce, akwai kuɗi a ciki. A watan Janairun 2018 gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da wani babur ƙirar Vincent Black Lightning na 1951 a Las Vegas kan dalar Amurka 929,000. A irin wannan ciniki ba a fara duba fenti ba, lamba ake fara dubawa. Babura biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, kowanne yana tashi da bugu ɗaya, amma wanda ke ɗauke da injinsa na asali ya fi ɗan'uwansa tsada nesa ba kusa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton dole lambar inji da ta shasi su zo iri ɗaya. Wannan gaskiya ne a wasu kamfanoni, ƙarya ne a wasu. Triumph, daga 1950, tana buga lamba guda a inji da shasi. BMW ma haka ta yi har farkon shekarun 1980, kuma yawancin baburan Yamaha na shekarun 1970 haka suke. BSA ta Birmingham kuwa, kafin tsakiyar shekarun 1960, inji da lambarsa, shasi da tasa, babu ruwan wannan da wancan. Honda kowane ɓangare da nasa lissafin: CB750 na 1969 shasinsa ya fara daga CB750-1000001, injin daga CB750E-1000001, amma da tafiya ta yi tafiya lambobin suka ba juna tazara, don layin da ake haɗa inji daban yake da na shasi. Vespa, wadda dattawanmu suka hau suka more, tana bambanta su da harafi: T a ƙarshen lambar samfuri na shasi ne, M na inji ne, kamar VLX1T da VLX1M a samfurin P150X, alkaluman da ke biye kuma ba sa zuwa ɗaya. Harley-Davidson kafin 1970 ba ta ma buga lambar shaida a shasi ba sam, a inji kaɗai take, don haka a wancan zamani inji ne babur a idon hukuma.

Na Vincent ya fi kowanne rikitarwa. Kamfanin, wanda ke garin Stevenage na Ingila kuma ya daina ƙera babura a 1955, bai yi shasi guda irin wanda muka saba gani ba. Inji ne ƙashin bayan babur, sai wani ƙarfe a sama da ke riƙe da kai, wani a baya da ke riƙe da ƙafar baya, kowanne da lamba. A yawancin masu silinda biyu na wancan lokaci lambar shasi ta ɗara ta inji da 1900 cif. Inji mai lamba 7305 abokin tafiyarsa shasi 9205 ne. Wanda bai san wannan ba, in ya ga lambobin sun saɓa sai ya ce an yi canji. Wanda kuma ya kawo Vincent irin wannan da lamba ɗaya sak a inji da shasi, ya tona wa kansa asiri, don hannun mutum ne ya daidaita su daga baya. Haka ma Honda ko Vespa. Saboda haka tambayar ba ita ce ko lambobin sun zo ɗaya ba. Tambayar ita ce: wannan inji da wannan shasi, tare suka fita daga ƙofar masana'anta?

Lambar nan mai gurbi 17 da ke kan baburan yanzu ba ta shafi tsofaffi sosai ba, don sai daga 1981 ta zama tilas a Amurka sannan ta bazu. Amma sanin ta na da amfani. Babu haruffan I da O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Ukun farko na nuna ƙasa da kamfani: JH2 Honda ta Japan, JYA Yamaha, JS1 Suzuki, MD2 Bajaj ta Indiya, abin da ya fara da L kuma daga Sin yake. Wanda ya kawo maka babur ya ce na 1972 ne, ka tarar da irin wannan lamba a wuyansa, ka san shasin ba na wannan shekara ba ne.

Me ke raba inji da shasinsa tun farko? Mafi yawa lalacewa ce. Inji ya buga, mai shi yana da uzuri, aka ɗora masa wani. Wasu kamfanoni ma kaskon inji na canji, wato akwatin da ke rufe da kayan cikin inji, ba lamba suke sayar da shi, dila ya buga ko ya bari haka. Sai kuma son gudu. Samarin Ingila na shekarun 1950 da 1960 sun gano injin Triumph ya fi sauƙin ƙara wa ƙarfi, shasin Norton kuma ya fi kama hanya a kwana, sai suka riƙa haɗa su suna kiran abin Triton. Injin Vincent a shasin Norton shi ne Norvin. Wasu injinan Vincent ma ƙananan motocin tsere aka saka su. Kowane Triton guda ya bar shasin Triumph babu inji, ya bar injin Norton babu shasi, kuma waɗannan marayun kaya su ne ake nema yau.

A nan ya kamata a rarrabe lambobin, don ba duka ke magana ɗaya ba. Akwai lambar zubi, wadda ta taso sama da ƙarfe tun daga lokacin da aka zuba shi a mazubi. Ita tana faɗin irin kayan ne kawai, dubban guda na ɗauke da ita. Akwai lambar kwanan wata da masu ƙera ƙananan kaya ke bugawa: kamfanin Lucas, alal misali, yana sa wata da shekara a jikin maginetonsa da dainamo, taya kuma daga 2000 tana da alkaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wannan ba ta tabbatar da cewa kayan na babur ɗin ne, amma tana iya ƙaryatawa: magineton 1958 ba zai zama na asali a babur ɗin 1954 ba. Sannan lambar shaida, wadda aka buga da ƙarfe da guduma, ta abu guda ce tak a duniya.

Akwai ta huɗu da ba a cika maganarta ba, ni kuma a ganina ta fi sauran amfani ga makanike. Kaskon inji, wato akwatin alminiyum ɗin da karanshaf ke juyawa a ciki, ɓari biyu ne. A tsofaffin masana'antu ana ɗaure ɓarin biyu tare sannan a huda mazaunin boris a lokaci guda, don ramukan su zo a layi ɗaya. Kamar duma ne da aka raba biyu: kowane ɓari da ɗan'uwansa kaɗai yake rufuwa ba kafa. Shi ya sa Vincent ke buga lambar haɗi a ɓarin biyu, Harley-Davidson kuma tana buga tata a ƙarƙashin cikin inji. In aka haɗa ɓarin hagu na wani inji da na dama na wani, zai iya tashi, amma karanshaf na iya ɗan karkacewa, boris ya riƙa ci da wuri, mai ya riƙa tsiyaya ta bakin haɗi. Lambar shasi da ta inji in sun saɓa, aljihu ne ke ji a ranar sayarwa. Lambar haɗi in ta saɓa, babur ne da kansa ke ji a hanya.

Duk wannan bincike ba zai yiwu ba sai da kundi. Masana'antun Ingila suna da manyan littattafan fitar da kaya, inda magatakarda ke rubuta lambar shasi, lambar inji, ranar fita da dilan da aka aika wa, har da ƙasar in waje za a kai. BSA ta durƙushe a 1973, masana'antar Triumph ta Meriden ta rufe a 1983, amma littattafan ba su ɓace ba. Ƙungiyar VMCC ta masu tsofaffin babura, wadda aka kafa a 1946, tana riƙe da bayanan masana'antun Triumph da BSA da Norton. Ƙungiyar masu Brough Superior tana da katunan da kamfanin George Brough na Nottingham ya cike wa baburansa, cikin kusan 3,000 da ya ƙera tsakanin 1919 da 1940. BMW na da sashen tarihi a Munich da ke ba da takardar shaida. Ka aika hoton lamba, a buɗe shafi, a gaya maka wane inji ne ya fita da shasinka.

Sanin lambar injin rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ina yake yau. Nan rajistar ƙungiyoyi ke shigowa. Kowace babbar ƙungiya tana da mai rajista, wanda duk mamba ke kai wa lambobin abin da ya mallaka, ko babur cikakke ne ko kasko ne a kwali. Ranar da wani a Ostireliya ya kawo lambar injin da shasinsa ke hannun wani a Holan, mai rajista ne zai gani. Yawanci ba ya ba wannan adireshin wancan kai tsaye, yana isar da saƙo ne, wanda ya ga dama ya amsa. Daga nan sai ciniki, kuma ciniki ne mara daɗi, don mai injin ya san abin da ke hannunsa babu na biyunsa, mai shasin kuma ya san babu wanda zai saye shi da tsada in ba shi ba. Wani lokaci musaya ake yi, a nemo wa mai injin wani inji mai lafiya a ƙara masa kuɗi. Wani lokaci kowa ya kafe, sai bayan rasuwar ɗayansu magada su sasanta.

Lambar Triumph daga 1969 misali ce ta yadda mai karatun lamba ke iya zamewa. Kamfanin ya fara sa haruffa biyu, na farko wata, na biyu shekara. A Janairu, B Fabrairu, haka har X Disamba, ana tsallake wasu haruffa. A shekara kuma C ita ce 1969, D 1970, E 1971. To amma shekarar ta samfuri ce, wadda ke farawa tun wajen watan Agusta na shekarar da ta gabata. Saboda haka NC ba Oktoban 1969 ba ne, Oktoban 1968 ne. Dillali na iya rantse maka a kan shekara da zuciya ɗaya, ya kuma yi kuskure.

Inda kuɗi ya taru, maguɗi na biye. Hanyar ɗaya ce a ko'ina: a gurje tsohuwar lamba, a buga sabuwa. Injinan Honda CB750 guda 7,414 na farko, waɗanda ake kira na zubin yashi saboda kaushin jikinsu, sun fi na baya tsada ƙwarai, kuma irin wannan tazara ce ke sa mutum ɗaukar guduma. Masu bincike na duba abubuwa da ido bai saba da su ba. Wurin da aka gurje yakan ɗan lotsa ko ya yi santsi fiye da kewayensa. Kowace masana'anta da siffar alkalumanta, yadda 3 ke lanƙwasa, ko 4 a buɗe take ko a rufe, ƙarfen buga lamba na kasuwa kuma ba ya kwaikwayon wannan. Triumph daga 1969 ta riƙa zana ƙananan tambarinta a ƙasan wurin lamba don duk wanda ya gurje ya share su. Vespa tana sa tauraro a farkon lamba da ƙarshenta. Ƙaramin allon da ake maƙalawa da ƙusa a wuyan shasi, irin na BMW da Norton Commando, shaida ce mai rauni, don ana sayar da sababbinsa babu rubutu.

Ƙarfe kuma ba ya mantuwa da wuri. Lokacin da aka buga lamba, bugun na danne ƙwayoyin ƙarfen da ke ƙasa, zurfi fiye da inda ido ke gani. Ko an gurje saman, wannan dannannen wuri na nan. Masu binciken ƴan sanda na goge wurin ya yi sumul, su shafa ruwan asid mai haɗi da sinadarin tagulla in baƙin ƙarfe ne, wani haɗin daban in alminiyum ne. Asid ɗin na cin wurin da aka danne da saurin da ya bambanta da na kewaye, sai tsohuwar lamba ta fito dishi-dishi na ɗan lokaci, a ɗauki hoto. A baƙin ƙarfe ana iya amfani da maganaɗisu da garin ƙarfe. Sai in an gurje da zurfi sosai ko an bi wurin da walda ne dabarar ke gazawa.

To mu a Maraɗi ina muka tsaya? Vincent da Brough ba namu ba ne. Namu su ne Vespa, Mobylette ta Motobécane da ta fito tun 1949, Peugeot 103 ta 1971, Yamaha Mate, Suzuki A100, Honda C70 da CG125 da Roadmaster. Da yawansu ta Jibiya suka shigo, tun da Honda ta kafa masana'antar haɗa babura a Ota ta Najeriya a 1979. A ƙa'idar FIVA, ƙungiyar duniya ta tsofaffin ababen hawa, abin hawa na shiga sahun na tarihi in ya kai shekara 30, wato duk babur ɗin da aka saya kafin faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ya riga ya shiga. Waccan faɗuwa ta tsawwala kuɗin kayan gyara na waje, sai aka ƙara dogara da cire na wannan a sa wa wancan. Da baburan Sin suka cika gari, ƴan kabu-kabu suka koma kansu, tsofaffin aka jingine su a zaure.

Ba mu da kundin masana'anta a kusa, ba mu da mai rajista. Abin da muke da shi kan tsofaffin makanikai ne. Irin hirar da ake yi a bakin gareji ke nan:

"Baba, injin da ke kan Vespar tsohonmu, shi ne wanda ya zo da ita?"

"Ina! Ɗana, wancan tun zamanin Kunce muka sauke shi. Wani malamin makaranta ya saya ya tafi da shi Tasawa."

Wannan ita ce rajistarmu, kuma tana da fa'idar da Turawa ba su da ita: kayanmu ba su yi nisa ba. Injin da aka sauke a Sabon Gari, in yana raye, da wuya ya wuce Tasawa, Madarunfa, Gidan Rumji, Dakoro ko Katsina. Illarta kuwa, tana tafiya kabari tare da mai ita. Abokin gaba na biyu shi ne sikelin ƴan gwangwan. Kaskon inji alminiyum ne, masu zubin tukwane na so, kuma kaskon da ya shiga wuta ya tafi da lambarsa har abada. Shasin da injinsa ya zama tukunyar tuwo babu kundin da zai cece shi.

Wanda ke da tsohon babur a gida, aikin farko ba ya cin ko dala. A wanke wurin lamba da kananzir da tsohon buroshin haƙori, kada a sa samfefa ko injin gurza, don mai neman tsafta na iya share shaidar da mai bincike ke nema, har ya jawo wa kansa zargi. A ɗauki hoto da hasken da ke zuwa daga gefe, na hantsi ko na la'asar, shi ne ke fito da zurfin bugu. A ɗora farar takarda a goga fensir a kai. A rubuta lambobin duka, har da na haɗi in akwai, a ajiye tare da kartigiris, tsohuwar takardar duwan da rasit, ko sun yage. In kuma za a canza inji, tsohon a ajiye shi ko ya mutu. In dole sai an sayar, a rubuta wa aka sayar wa, mai sayen sabon inji kuma ya karɓi takarda mai ɗauke da lambarsa da sa hannun shaidu. A yankin da satar babura ta yi yawa kuma iyaka ke kusa, wannan takarda ta fi ƙarfin maganar tarihi, kariya ce a gaban hukuma. Buga lamba da hannu kuwa, ko da niyyar gyara wadda tsatsa ta cinye, laifi ne, kuma yana zubar da darajar kayan gaba ɗaya.

Akwai wata gardama da su kansu masu wannan harka ba su gama ba. A ce inji ya shekara 45 a kan wani shasi, da shi aka kai amare, da shi aka yi fataucin gyaɗa, sai ga na asali ya bayyana, wanda bai yi ko shekara biyu a wurin ba. Wanne ne tarihin babur ɗin? Yarjejeniyar Turin da FIVA ta fara aiki da ita a 2013 ta karkata ga cewa canje-canjen da abin hawa ya samu a lokacin da yake aiki su ma shaida ce ta tarihinsa. Kasuwar gwanjo kuwa ranar fita daga masana'anta kaɗai take biya. Ni dai ina tare da masu cewa a samo na asalin in da hali, musamman in ɓarin kasko ne da ɗan'uwansa, tun da wannan lafiyar inji ce. Amma wanda aka sauke kada a wofintar da shi, a ajiye shi gefen babur da takardar da ta faɗi shekarar da aka ɗora shi da sunan garejin da ya yi aikin.